Martani: A Ƙyale Gaban Fijo Yadda Aka Same Shi

Makonni kaɗan da suka wuce wani ɗan'uwa marubuci, wanda na daɗe ina bin rubuce-rubucensa a kan motoci, ya kawo shawara ga masu tsofaffin motoci a ƙasar Kazaure da kewaye. Abin da ya ce a taƙaice shi ne, duk mai Peugeot 504 ko tsohuwar Marsandi da ke son farfaɗo da ita, ya fara da sauke gabanta. A yanke zagaye ɗaya ko biyu daga sifirin ɗin gaba, motar ta ɗan durƙusa. Ya jero hujjojinsa: za ta fi kyan gani, za ta fi kama ƙasa a kwana, za ta rage shan mai, aikin ba shi da tsada, kuma hanyoyin Jigawa na yau ba irin na jiya ba ne, don haka tsayin da aka ba motar tun asali ya gama amfaninsa. Sannan ya rufe da hujjar da ta fi sauran nauyi, wai matasa ba sa sha'awar motar da ta yi kama da ta kakansu, in ba a yi mata kwalliyar zamani ba 'yan gwangwan ne za su gaje ta.

Damuwar Malam marubucin damuwata ce. Duk wanda ya taɓa ganin ana sassare Fijo ana ɗora ta a sikeli, alhali injinta da sauran rai, ya san ana tafka asara. Amma maganin da ya rubuta ya fi ciwon illa, kuma tun daga gano ciwon ya kauce hanya.

Abin da idonsa ya gani gaskiya ne. Ragowar 504 da ke yawo tsakanin Kazaure da Roni da Gwiwa, ko waɗanda ke shiga Babura ranar kasuwa, yawancinsu gabansu a sama yake, bayansu a ƙasa. Tazarar da ke tsakanin tayar gaba da jikin motar har ta yi yawa, ga tayar baya ta kusa ɓuya. Da Malam ya ga haka sai ya yanke hukuncin cewa gaban ne ya yi tsawo. Ai bayan ne ya zauna. Motar da ta shekara talatin ko arba'in tana ɗaukar buhunan gero da dawa da riɗi, ga fasinja an danna har a but, dole sifirin ɗin bayanta ya gaji ya rage tsawo. Idan baya ya nutse kuwa, gaba ɗagawa yake yi, musamman in kayan suna bayan tayoyin baya. Mai mota zai iya tabbatar da wannan da kansa ba tare da ya kwance ko noti ɗaya ba. Ya ajiye ta a shimfiɗaɗɗen wuri babu kaya a ciki, ya auna daga tsakiyar kowace taya zuwa leɓen ƙarfen da ke samanta, ya gwada dama da hagu, sannan ya ja da baya ya dubi layin ƙasan ƙofofi. In layin ya karkata ya gangara ta baya, to ga mai laifin nan. Wanda ya je ya yanke sifirin ɗin gaba a wannan hali, ya yi aikin likitan da aka kawo masa mai ɗingishi sai ya rage tsawon ƙafar da ke da lafiya don su zo daidai.

Akwai wasu dalilai biyu da kan sa gaba ya tashi, kuma kowane tsohon bakanike ya san su. Na ɗaya, a sa wa motar sifirin da ba nata ba. Injin dizal ya fi na fetur nauyi, saboda haka sifirin ɗinsa ya fi ƙarfi, in aka ɗaura shi a mota mai fetur sai ta miƙe tsaye. Haka in an canja mata inji da wanda bai kai na asali nauyi ba. Na biyu, a ɗaure notocin bushin ɗin hannun taya tun motar tana kan jak, tayoyi na reto. Robar sai ta kama a murɗe, ta riƙe motar a sama, daga baya ta yage. Na farko maganinsa a nemo sifirin ɗin da ya dace, na biyu a sassauta notocin a sauke motar ta zauna da nauyinta sannan a ɗaure. Babu inda giranda ta shigo a nan.

Shi kuwa tsayin da aka ƙera motar da shi, wanda Malam ya ɗauka tsohon yayi ne, shi ne dalilin da ya sa har yau muke da 504 ɗin da za mu yi gardama a kanta. An fito da ita a Faransa a 1968, ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969, amma a Afirka ta yi suna. Abin da ya bambanta ta da takwarorinta shi ne doguwar tafiyar da tayarta ke yi sama da ƙasa kafin ta kai maƙura, ga laushin sifirin, ga cikinta ya yi nesa da ƙasa. Da wannan ta lashe gasar Safari ta Gabashin Afirka a 1975 a hannun Ove Andersson, a shekarar kuma Hannu Mikkola ya ci ta Maroko da ita. A 1978 Jean-Pierre Nicolas ya haɗa ta Safari da ta Bandama a Kwaddibuwa da samfurinta mai ƙofa biyu da babban inji. Hanyoyin da aka yi waɗannan gasanni sun fi kama da hanyar ƙauyukan Gwiwa da damina fiye da kowane titi na Faransa. Da wani kamfanin Faransa mai suna Dangel ya tashi gyara 504 a farkon shekarun 1980, ƙara mata tsayi ya yi, ya sa dukkan tayoyinta huɗu suna ja.

A nan gida kuwa, kamfanin PAN ya fara harhaɗa ta a Kaduna a 1975. A shekarun farko ta jirgin sama ake kwaso sassanta daga Lyon a sauke a Kano, a ɗora a manyan motoci zuwa Kaduna. Tun zamanin mulkin soja na Obasanjo ta zama motar manyan jami'an gwamnati, daga nan ta zama ta alhazai da malaman makaranta da direbobin haya. Turai ta daina ƙera salun ɗin a 1983, Kaduna ba ta daina ba sai a 2006. Shekara ashirin da uku ke nan muna sayen motar da masu ita suka riga suka bari. Ba don kyan fitilunta muka yi haka ba. Wagon mai kujeru layi uku, wadda aka ba bayanta sifirin huɗu, da a-kori-kura mai sifirin faranti, su suka riƙe zirga-zirgar Kano da Ɗambatta da Kazaure da Daura har Kwangwalam, kuma sun iya ne saboda ba sa jin tsoron abin da ke ƙarƙashinsu.

To amma Malam ya ce hanyoyi sun gyaru. Sun gyaru, ba musu. Wanda ya san Jigawa lokacin da aka yanke ta daga Kano a 1991 ya san an yi tafiya, musamman a shekarun mulkin Sule Lamido daga 2007 zuwa 2015, lokacin da kwalta ta shiga garuruwan da ba su taɓa ganinta ba. Sai dai mota ba a babban titi take kwana ba. Daga inda kwalta ta ƙare zuwa ƙofar gida, ko gona, ko gidan biki, ko wajen ta'aziyya, nan ne ake sanin mota. Ƙasar Kazaure da Roni ƙasa ce ta duwatsu da tuddai. Ruwan Agusta ba ya zama, gangarowa yake da ƙarfi, ya yanka burji, ya tone bakin kwalbati, ya bar duwatsu tsirara a tsakiyar hanya. Ka gangara Babura, can kuma rairayi ne. Manyan motoci da amalanken shanu sun haƙa layi biyu, sun bar tudu a tsakiya, kuma a wannan tudun ne mota mai gajeren tsayi ke ɗora cikinta, tayoyi su yi ta juyawa a banza har a kira samari su tura. Ko a kan kwaltar ma ba a tsira ba. Kusan kowane ƙauye da titi ya ratsa ya gina tudun rage gudu bayan an kaɗe wani yaro, kuma ba injiniya ne ya auna masa tsawo ba, ɓacin rai ne ya auna. Ga gefen kwalta da ruwa ya cinye ya bar gaɓa, wanda dole ka sauka a kai idan tirela ta matso ka. Ga kwatar ƙofar gida.

In Malam na son shaida, ba sai ya saurare ni ba. Ya je tasha ya duba Golf da Sharan da ke jigilar ƙauyuka yau. Abu na farko da direba kan yi wa motar da ta zo daga Turai shi ne ya kai ta a ɗaga ta. Waɗannan mutane ne da abincinsu ke kan taya, sun fi ni da Malam sanin hanya, kuma kuɗinsu suke biya a ƙara musu abin da Fijo ta zo da shi kyauta.

Me ke ƙarƙashin gaban motar da za a kusantar da ƙasa? Kaskon baƙin mai, da ƙarfen da inji ke zaune a kai, da kayan sitiyari, da bututun salansa. Dutse ɗaya ya isa ya tsaga kaskon. Mai ya tsiyaye a hanya direba bai sani ba, kafin ya lura da jar fitila inji ya buga. A motar da kayan injinta na asali suka fara wuya, wannan na iya zama ƙarshenta, kuma ga ɗan gwangwan nan da ake gudu yana jira.

Yanzu mu zo kan maganar kama ƙasa, domin a nan ne shawarar ta fi yin kama da ilimi. Gaskiya ne idan nauyin mota ya matso ƙasa takan rage karkata a kwana. Amma mu yi lissafi. A mota irin wannan cibiyar nauyi tana wajen rabin mita daga ƙasa, ko sama da haka kaɗan. Ka sauke gaba kaɗai da santimita biyar, cibiyar ba za ta sauka da fiye da biyu da rabi zuwa uku ba, tunda baya na nan inda yake. Ribar ke nan gaba ɗaya, wajen kashi biyar cikin ɗari. Sai a duba abin da aka biya.

Ƙarfin sifirin ya danganta da yawan zagayen da ke aiki a jikinsa. Duk zagayen da ka cire, ragowar sun ƙara tauri. Mu ƙaddara zagaye bakwai ne ke aiki, ka yanke ɗaya, taurinsa ya ƙaru da kashi ɗaya cikin shida. Ka yanke biyu, ya ƙaru da kashi biyu cikin biyar. Shokozobar da aka auna don sifirin mai laushi, wadda ta riga ta tsufa ma, ita za ta yi kokawa da wannan, kuma ba za ta iya ba, sai gaban ya riƙa tsalle bayan kowane rami. Sannan ƙarshen sifirin an lanƙwasa shi ne ya zauna daram a mazauninsa. In aka yanke, bakin da ya rage ba ya zama yadda ya kamata, kuma tunda ya gajarce, duk lokacin da taya ta faɗa rami mai zurfi ta miƙe gaba ɗaya, yana iya sakin mazaunin ya koma a karkace. Wasu kanikawan ma ba sa yankewa, mai walda suke kira ya gasa sifirin ɗin da wuta har motar ta zauna. Wannan ya fi muni. Ƙarfen sifirin an hore shi ne da wuta da sanyi a ma'aikata, in ka sake gasa shi ka kashe wannan horon, zai ci gaba da zama a hankali, dama da hagu ba za su taɓa daidaita ba, wata rana kuma ya karye ba sallama.

Babbar asarar ita ce tafiyar taya. Kowace santimita da aka sauke an ɗebe ta ne daga filin da taya ke da shi na matsawa sama kafin ta daki robar maƙura. Ka ɗauki mota a kwana, nauyi ya kwanta a tayar waje, ta riga ta cinye rabin filin da ya rage mata, sai ga rami ko tudu. Taya ta daki maƙura. A wannan daƙiƙar babu sauran sifirin a motar, ƙarfe ne a kan roba, tayar ta yi tsalle ta saki ƙasa, gaban motar ya zarce waje. Haka in an taka birki da ƙarfi a kan burji mai kunya-kunya: gaba ya nutse, fili ya ƙare, taya ta riƙa tsalle, kuma tayar da ke sama ba ta tsayar da mota. A kan titin tsere mai santsi gajeriyar mota na iya kama ƙasa. A kwanar da ke da faci da rairayi a gefe, wadda ke kama ƙasa ita ce wadda tayarta ke iya bin ƙasar duk inda ta lanƙwasa.

Akwai kuma abin da ido ba ya gani. Gaban 504 tsarin MacPherson ne, wato shokozoba da sifirin a haɗe tsaye, da hannu a ƙasa yana riƙe da taya. An tsara shi ne hannun ya ɗan gangara daga jikin mota zuwa taya. Idan aka sauke motar, hannun ya miƙe ko ma ya juya ya kalli sama, kuma a wannan yanayin wurin da jikin motar ke juyawa a kai idan ta karkata yakan faɗi ƙasa fiye da yadda cibiyar nauyin ta sauka. Sakamakon shi ne ƙarfin da ke karkatar da ita ya ƙaru maimakon ya ragu, taurin sifirin ne kawai ke ɓoye shi. Sandar da ke haɗa sitiyari da taya ita ma kusurwarta ta canja, sai ka ga duk ramin da aka faɗa motar ta ɗan kauce da kanta ba ka juya sitiyari ba. Taya kuma ta kwanta ciki, ta riƙa cinyewa ta gefe ɗaya. Da tsadar taya a yau, wannan kaɗai ya cinye arhar aikin.

Ga wani lissafin da ya fi damuna. Tsakanin tayar gaba da ta baya a salun ɗin 504 mita 2.74 ne. Sauke gaba da santimita biyar ya sunkuyar da motar baki ɗaya da wajen digiri ɗaya. Digiri ɗaya kamar ba komai, amma an ɗebe shi ne daga kusurwar da ke sa sitiyari ya dawo tsakiya da kansa ya riƙe mota a miƙe idan ana gudu. Fitilu ma sun sunkuya da wannan digirin, kuma in ba a sake saita su ba, nisan da ƙaramar fitila ke haskawa yana iya raguwa da fiye da rabi. Ana iya saitawa, na sani. Amma bakaniken da ya yanke sifirin da giranda a bakin titi, shi ne zai tuna da fitila? Hanyar Kunya zuwa Babura da dare akwai amalanke marar fitila, akwai mai keke, akwai garken shanu.

Maganar rage shan mai ba za ta ɗauke mu lokaci ba. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023 duk wanda ya ce ga hanyar rage mai sai an saurare shi, shi ya sa hujjar ta yi daɗin ji. Amma iskar da santimita biyar za ta kauce wa a gudun da tsohuwar Fijo ke yi ba ta kai a auna ta a tanki ba, tayoyin da suka karkace kuwa jan mota suke yi baya. Mai son rage mai ya wanke kafireta a saita ta, ya canja fulogi da matatar iska, wadda ƙurar hunturu ke toshewa, ya duba iskar taya.

Na fahimci inda sha'awar ta samo asali. Hotunan motocin Amurka ne da ke yawo a waya, dogaye masu sheƙi, cikinsu na shafar ƙasa. Al'ada ce mai tarihi, ta 'yan asalin Meziko mazauna Los Angeles da kewayenta tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kuma ba na raina ta. Sai dai a karanta tarihin har ƙarshe. Su ma da yankan sifirin da loda buhunan yashi a but suka fara. A ƙarshen shekarun 1950 jihar Kalifoniya ta hana tuƙa motar da aka sauke har wani sashenta ya fi ƙasan ƙarfen taya kusa da ƙasa, dokar da ba a soke ta ba sai a farkon 2024. A 1959 wani matashi mai suna Ron Aguirre ya fito da motarsa Corvette wadda ya sa wa famfon mai irin na jirgin sama, yana danna maɓalli ta tashi, ya danna ta kwanta. Wato mutanen da suka ƙirƙiro abin, a garin da titinsa ke shimfiɗe, sai da suka nemi hanyar ɗaga motar idan za a yi tafiya. Su kuwa masu saukewa don gudu, ba yanka suke yi ba. Sifirin suke saya da aka ƙera gajere, da shokozoba gajeriya daidai da shi, su gyara kusurwar hannun taya da ta sitiyari, su sauke gaba da baya tare, su kai ta a auna da na'ura. Kuɗin wannan aiki ya fi kuɗin 504 ɗin da ake magana a kai. Malam ya ɗauko hoton, ya bar aikin da ke bayansa, sannan ya ce mana abin ba tsada.

Saura hujjar matasa, wadda na ce ta fi nauyi. Ban yarda cewa gajarta ce za ta jawo su ba. Saurayin da ke son mota mai jan ciki a ƙasa, wadda zai juya a filin biki ƙura ta tashi, BMW yake mafarki, kuma 504 da aka durƙusar ba za ta zama BMW ba. Zai yi wasa da ita wata shida, ta fara cin taya tana ƙara a kowane rami, ya gaji ya jingine ta. Wanda zai riƙe tsohuwar mota shekara goma yana kashe mata kuɗi, abin da ke jawo shi daban ne. Motar mahaifinsa ce, ko irin wadda aka kai shi makaranta a ciki, ko kuwa ya taɓa shiga wata mai lafiya ya ji yadda take haɗiye hanya. Wannan laushin shi ne abin da 504 ke da shi wanda ƙananan motocin yau ba su da shi, shi ne jarinta. Yawancin matasanmu ba su taɓa ɗanɗana shi ba, domin waɗanda suka tarar duk sun gaji. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu nan a Kazaure cike da masu karatun injiniya. A samu 504 guda a mayar da ƙafafunta yadda Kaduna ta fito da ita, a ɗauki huɗu daga cikinsu a bi da su hanyar burji, a ga ko za su nemi a yanke mata wani abu.

Ko ta fuskar kuɗi ma, masu neman tsofaffin motoci a ko'ina wadda ba a taɓa ba suke biya da tsada. Fenti ana sakewa, kujera ana ɗinkewa, amma sifirin da aka yanke ba ya tsirowa, kuma na asali kullum raguwa yake a kasuwa. Kowane biyu da aka lalata don kwalliya an hana wata motar tashi ke nan.

Ban ce kada kowa ya taɓa motarsa ba. Dukiyarsa ce. Mai tsohuwar Marsandi ma yana da 'yar hanya ta halal, domin kamfanin ya yi robar da ke saman sifirin kauri daban-daban, ana iya sa siririya motar ta sauka kaɗan ba tare da an ɓata komai ba, in an ga dama a mayar. Wanda kuma ya dage sai ya ga Fijonsa a ƙasa, motar ado ce da ba za ta bar cikin gari ba, to ya cire sifirin ɗin asali ya shafa musu mai ya adana, ya yi wasansa da wasu. Abin da na ƙi shi ne a ba jama'a wannan a matsayin matakin farko na gyara, a yankin da mota ɗaya ce ke zuwa kasuwa, ta je gona, ta kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare.

Wanda ya riga ya bi shawarar, gyaran bai gagara ba tukuna. Ya nufi Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna da tsohon sifirin ɗinsa a hannu don gwada kaurin ƙarfe da faɗin zagaye. Ya sayi biyu tare, daga mota ɗaya, ya tsayar da su a ƙasa ya ga tsawonsu ya zo daidai, ya tabbatar na mai fetur ne in motarsa mai fetur ce. Ya duba shokozoba da robar maƙura, domin in motar ta yi 'yan watanni a durƙushe da wuya su tsira. A ɗaure bushin bayan an sauke ta daga jak, a kai ta a saita tayoyi, a saita fitila a jikin bango da dare. Kafin ya bar kasuwar kuma ya tambayi kuɗin sifirin ɗin baya, tunda can matsalar take tun farko.